An sace maka kaya a wurin aiki: wa zai biya, ta ina za ka fara?

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da sito a wata masana'antar robobi a Sharaɗa, cikin Kano, shida daga ciki kuma ni ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan wurin. Duk wanda aka ɗauke wa waya ko takalmi ko kuɗin adashi, kafin ya isa ofishin manaja sai ya biyo ta ƙofar sitona, ido jawur, ya ce, "Sakatare, a cikin kamfani fa aka sace, dole su biya ni." Nakan ba shi kujera, in yi masa jaje, sannan in yi masa tambayar da ba wanda yake son ji: lokacin da kayan ya ɓata, a hannun wa yake?

A bakinmu "na ajiye" da "na ba da ajiya" kamar wa da ƙani suke, amma a gaban alƙali tsakaninsu akwai tafiyar kwana. Wanda ya ajiye, kayansa na hannunsa ko da ya yi nisa da su. Wanda ya ba da ajiya ya sauke nauyin a wuyan wani. Kusan duk rigimar da na shiga a kan sata a wurin aiki, a nan take karyewa. Abin da zan faɗa na tsince shi ne a zama da lauyan ƙungiyarmu, da gardama a ofishin manaja, da karatun zaure bayan magariba.

Bari in fara da mai ɗacin. Wani yaro da ke kan injin buga bokiti ya jona wayarsa a soket bayan injin, ya tafi sallar azahar. Ya dawo ya tarar da caja tana lilo. Ya yi rantsuwa har da hawaye cewa sai kamfani ya biya. Manaja ya ce masa, "Allah ya mayar da alheri," kuma a doka bai ci masa haƙƙi ba. Ba wanda ya karɓi wayar daga hannunsa, ba wanda ya ce ya ajiye ta a can. Karo-karo muka yi masa ranar albashi ya sayi ta hannu.

Dalili shi ne dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila ta ɗora wa mai kamfani kula da lafiyar jikinka: kada inji ya cinye maka yatsa, kada rufi ya faɗo maka. Ba ta mai da shi mai gadin aljihunka ba. A 1946 wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Deyong ya kai ƙarar wanda ya ɗauke shi aiki saboda an sace masa tufafi a ɗakin canza kaya na gidan wasan, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce ba shi da haƙƙi. A 1957 aka maimaita irin hukuncin a kan wani likita da aka kwashe wa kaya a ɗakinsa na masaukin ma'aikatan asibiti. Alƙalanmu suna duba irin waɗannan hukunce-hukunce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta da sashen da ya ce maigida ya biya kayan ma'aikaci da aka sace. Shi kuma asusun NSITF, wanda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kamfanoni su riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi, na rauni ne da ciwon da aiki ya jawo da mutuwa. Kada ka ɓata kuɗin mota ka je can da maganar waya.

Abin da ya ba ni mamaki, ranar da lauya ya gama yi mana wannan bayani na tuna na taɓa jin irinsa a zaure. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya sani, an ce masu sana'a suna lamunin kayan da aka kai musu aiki suka keɓe da shi, kamar tela da yadinka, amma babu lamuni a kan mai gidan wanka. Ka tuɓe rigarka ka rataye ka shiga wanka, ka fito babu ita, ba za ka riƙe wuyan mai gidan ba. Soket ɗin bayan inji gidan wanka ne.

To yaushe ne nauyi yake komawa kan kamfani? Ga labarin da ya koya mini. Bayan wani ya kusa rasa hannu yana amsa kira a kan inji, sai aka kafa doka: ba mai shiga da waya cikin ɗakin injuna. A bakin get aka kafa akwatin katako mai ramuka, ka miƙa wa maigadi wayarka ya ba ka tali, wato 'yar alamar karɓa mai lamba. Wata asuba 'yan aikin dare suka fito, wayoyi bakwai babu su, talin kowa kuma na aljihunsa.

Nan maganar ta juya gaba ɗaya. Kamfani ne ya ce a miƙa, mutumin da kamfani ya tsayar ne ya karɓa, ga shaidar karɓa a hannu. Wannan ajiya ce cikakkiya. Kuma a dokar kotu, da zarar ka tabbatar ka damƙa kaya ga wani bai dawo maka da su ba, ba kai ne za ka nuna ya yi sakaci ba, shi ne zai nuna ya kula da su yadda mai hankali zai kula. Ko kyauta yake ajiyar, nauyin bayani na kansa. Riƙe wannan da kyau, domin manajoji sun iya juya ta. Za a ce maka, "Kawo shaidar cewa laifinmu ne." Amsarka ita ce, "Ranka ya daɗe, ga talina. Ku ne za ku gaya mini inda wayata ta shiga."

Manajanmu ya gwada wata hanyar. Ya ce masu gadin ba ma'aikatansa ba ne, na kamfanin tsaro ne da aka ɗauko haya. Muka ce masa mu ba mu ƙulla komai da kamfanin tsaro ba, umarninsa muka bi, shi ya biya mu sannan ya je ya nemi nasa a wurinsu. Kamfanonin gadi masu zaman kansu suna aiki ne da lasisi a ƙarƙashin dokar 1986, hukumar Sibil Difens ke sa musu ido, kuma ba sa son a kai ƙararsu can. Lauya ya ƙara mana ƙarfi da wata shari'a ta 1965 a Ingila, inda wata mata ta kai mayafin gashi mai tsada wanki, ma'aikacin da aka ba shi ya wanke ya sace, kotu ta ce kamfanin ya biya, tunda wanda suka damƙa wa kayan shi ne ɓarawon. Amma ka lura da iyakar abin. Idan abokin aikinka ne kawai ya ga hanya ya zura hannu a jakarka, ba wanda ya ba shi amanar jakar, kamfani zai ce ba aikin da muka ɗauke shi ke nan ba, kuma yawanci kotu za ta yarda.

An biya mutum bakwai ɗin nan, amma ba kuɗin sabuwar waya ba. An kimanta abin da kowace za ta yi a kasuwar 'yan waya a yadda take. Biyar masu kwali ko rasit sun sami abin kirki. Biyun da ba su da komai sai baki, abin da manaja ya ga dama ya ba su.

Idan maganar ba kotu za ta je ba, zaman sulhu za a yi da dattawa ko limamin masallacin kamfani, to ka sauya salo. A fiƙihu mai riƙe da ajiya amintacce ne. In ya ce ta ɓata ana gaskata shi, ba ya ramawa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Saboda haka "a hannunku ta ɓata" kaɗai ba za ta ishe ka a wannan zama ba. Ka nuna tsagar da ƙadangare ya bi. A namu, kwaɗon akwatin ya lalace tun makonni, an faɗa wa shugaban masu gadi har sau biyu, makullin kuma a ƙusa yake rataye inda duk mai wucewa zai gani. Da aka faɗi wannan a gaban liman, manaja bai ƙara cewa uffan ba.

Babur da mota su ne masu wuya, kuma su ne asararsu ke kwantar da mutum. Mutane suna ɗauka talin da maigadi ya ba su a bakin get ya zama lamuni. Ka ji abin da ya sami Mai Shari'a Anyah. Ya sauka a otal ɗin Imo Concorde a Owerri, aka ba shi tali a get, ya faka motarsa Peugeot 505, ya kulle ya tafi ɗaki da makullinsa. Gari ya waye babu mota. Babbar kotu ta ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, a 2002 Kotun Ƙoli ta ce otal ba zai biya ba. Shi baƙon otal ne, ba ma'aikaci ba, amma duk lauyan kamfani da ka tunkara da maganar babur, da wannan shari'ar zai tare ka. Alƙali guda bai samu ba, ina ga mai ɗaukar buhu. Makulli yana aljihunka, wuri kawai aka ba ka, ga kuma allon nan da ake kafewa cewa duk wanda ya ajiye abin hawa kasadarsa ce.

Duk da haka allon ba laya ba ne. Ka bincika abu uku. Shin maigadi yana karɓar makulli? Shin ana cire wani abu a albashi da sunan kuɗin gadin babura? Shin ƙa'idar wurin ita ce ba a fitar da babur sai an karɓi tali, amma aka bar naka ya fita talinsa na hannunka, alhali mai gadin da ke bakin aiki ya san ba kai ba ne a kai? Kowanne daga ciki yana matsar da kai daga "na ajiye" zuwa "na ba da ajiya", kuma ko bai kai ka ga nasara a kotu ba, yana ba ka bakin magana a teburin sulhu. Inshorar dole da ake yanka, wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba ta biyan sata. Sai cikakkiyar inshora. Wanda ba shi da halinta, sarƙa da kwaɗo na biyu sun fi masa allon kamfani amfani.

Akwai wata ƙofa da ma'aikatan masana'antu ba su cika sani ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a tanadar wa ma'aikata wurin da ya dace na ajiye tufafin da suka tuɓe lokacin aiki. A Ingila, inda aka kwaso wannan tanadi, kotu ta ce tun 1949 cewa in ana auna dacewar wurin sai an duba haɗarin sata. Idan ana sa ku canza kaya amma ƙusoshi ne kawai a bango a ɗakin da ba ƙofa, kana da abin faɗa, kuma masu duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya aikinsu ne su zo su gani. Sai dai maganar tufafi ce. In ka bar kuɗin sadaki a aljihun wando ka rataye, to idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yanzu ranar da abin ya faru. Abu na farko, riƙe bakinka. Yi cigiya, kada ka yi zargi. Na ga wanda ya nuna abokin aikinsa da yatsa a gaban jama'a, bayan kwana biyu aka tsinci wayar a bayan buhunan ɗanyen roba, ya koma shi ne mai bin dattawa a roƙa masa gafara. Ɓata suna laifi ne a dokar laifuka ta Final Kod, kamar yadda sata take laifi. Malamin duba kuma da zai ce maka wani dogo ne baƙi a kusa da kai, rabin ma'aikatan kamfanin ya kwatanta.

Idan waya ce, wayar ba ita ce babbar asarar ba, layin ne. Ari wayar wani nan take ka kira bankinka a toshe asusun, sannan ka sa a rufe layin, daga baya ka je da lambar NIN a dawo maka da shi. Ka nemo lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar, mai lamba 15, tana jikin kwali. Wanda wayarsa ke hannunsa yanzu ya danna *#06# ya kwafe ta a takarda ya ajiye a gida.

Kafin ka bar wurin, ka sanar da mai kula da sashenku da shugaban masu gadi, ka tsaya a kansu har a rubuta a littafin rahoto, da lokaci da abin da ya ɓata. Ɗauki hoton shafin, da hoton lokar da aka ɓalle ko inda babur yake. Kada ka miƙa talinka ga kowa, ko manaja ne ya ce a kawo a duba. Nuna masa, ka mayar aljihu. Idan akwai kyamarar tsaro, ka nemi a rubuce a ware hoton wannan rana, domin na'urar tana shafe tsohon ɗauka ta ɗora sabo, kuma "ai ya goge" ita ce amsar da aka fi ba wanda ya yi jinkiri.

Caji ofis yana da amfani, musamman ga babur da mota da waya mai tsada, domin takardar rahoton 'yan sanda ita inshora da kotu za su nema. Amma ka san abin da kake nema a can. Aikinsu neman ɓarawo ne, ba karɓo maka diyya daga kamfani ba, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba. Ka faɗi abin da ka gani da idonka kawai. In ka ce "duk 'yan sashenmu nake zargi", za a iya kwashe mutum goma a mota, kuma da su za ka ci gaba da aiki gobe.

Da dare ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Nemi duk inda aka yi maganar loka, ko miƙa waya, ko wurin faka abin hawa. Wani lokaci kamfani da hannunsa ya rubuta abin da zai kama shi. Wanda kuma aka sa ya riƙa zuwa da kayan aikinsa, makaniki da akwatin sufanunsa ko akawu da kwamfutarsa, ya duba ko an ce wani abu a kansu.

Sai wasiƙa, cikin kwana biyu ko uku, gajeriya, ba zagi ba barazana. Wadda nake rubuta wa mutanenmu ba ta wuce haka: ranar kaza da ƙarfe kaza na miƙa wayata ƙirar kaza ga mai gadin get bisa umarnin kamfani, aka ba ni tali mai lamba kaza, da na tashi aiki ba a dawo mini da ita ba, na sanar da wane da wane, an rubuta a littafin rahoto, ga kwafin rasit, ina roƙon a dawo mini da ita ko a biya ni kimarta, naira kaza, cikin mako biyu. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Wasiƙar da ba hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba.

In aka yi shiru, ƙungiya ce matakin farko, domin manajan da zai kori mutum ɗaya da tsawa ba zai kori sakatare da shugaba haka ba. Bayanta akwai ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiharku, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba a biyan ko kwabo a shigar da kuka. Rigimar da ta taso daga aiki, sashe na 254C na tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano, tana kuma da sashen sulhu. Ra'ayina dai, kotu ta babur ce da mota. A kan waya, kuɗin lauya da zirga-zirga za su haura kuɗinta, ga zaman doya da manja da wanda ke sa hannu a albashinka. In an yi maka tayin rabi ko kashi biyu cikin uku a teburin sulhu, ka yi lissafi da kyau kafin ka ƙi. Abin da aka amince a rubuta, da ranar biya.

Saura abu ɗaya da ke ci mini rai. Sau da yawa in kamfani ya ce ya yarda zai biya, ba daga aljihunsa ba ne, daga albashin maigadi ne. A maganar wayoyin nan haka aka so yi wa wani dattijon maigadi da muke kira Baba, wanda a daren ma ba shi ne a kan akwatin ba. Ya same ni a sito ya ce, "Ɗana, wata uku fa suka ce ba zan ga albashi ba." Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin ma'aikaci tara ta hanyar yanke albashi. In asara ce ya jawo da gangan ko da sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai haura kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Na karanta wa manaja wannan a tsaye. Kafin ka karɓi kuɗin diyya, tambayi daga ina suka fito.

Bayan wannan rigima muka sa aka sauya akwatin katako da na ƙarfe, makulli ɗaya a hannun shugaban masu gadi, ɗaya a ofis. Muka ajiye babban littafi a get: suna, ƙirar waya, lambar tali, sa hannu lokacin miƙawa, sa hannu lokacin karɓa. Masu sauri sun yi ta ƙorafin layi da safe. Baba kuwa, har na bar wurin, ba ya taɓa wayar kowa sai ya ga biro ya sauka a littafin, ko da ɗan mai kamfanin ne ya miƙo.